Farautar muwon a Suwizalan

A cibiyar bincike ta Paul Scherrer da ke Villigen, ƙasar Suwizalan, masana na shirin gina sabuwar magudanar ƙwayar muwon. Wannan ƙwaya ta ninka ilektoron nauyi sau 207, amma kafin ƙiftawar ido ta tarwatse. Yanzu suna samar da kimanin miliyan 100 kowace daƙiƙa. Burinsu biliyan 10.

Duk wannan yawa don ko guda ɗaya ta tarwatse zuwa ƙwayoyi uku dangin ilektoron ba tare da nutirino ba, abin da ƙa'idar da ake koyarwa a jami'o'i ta ce da kamar wuya. In aka gani, sai an yi wa ƙa'idar kwaskwarima. Ni kam abin da ya ɗaure mini kai shi ne haƙurinsu, domin suna sane za su iya shafe shekaru su tashi hannu rabbana.