Shan Iska a Bakin Ruwa: Yadda Mai Ciki da Iyalinta Za Su Zaɓi Wuri Mai Tsabta

Idan bazara ta tsananta ɗaki ya gagari zama, ko hutun Sallah ya zo yara suka matsa a fita, babu inda ke jan hankali kamar bakin ruwa. Mu a gabashin Sakkwato ba mu da teku, amma Allah ya hore mana gulabe. Bunsuru da Gagare da suka ratso ƙasar Isa, da Gulbin Maraɗi mai gangarowa daga Nijar, duk ruwansu a Gulbin Rima yake haɗuwa, ya bi ta yankin Sabon Birni ya faɗa madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984. Mutumin Gangara da maƙwabtansa, waɗannan su ne tekunsu. Sai dai ruwan da ido ya gani garau yana iya ɗauke da cutar da za ta wahalar da ke da abin da ke cikinki.

Tsargiya

Tsargiya, wato fitsarin jini, ita ce babbar cutar da ake kwasowa a gulbi da tafki da kududdufi. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar da ke kawo ta a Alƙahira a 1851. Mai cutar yakan yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin ƙananan katantanwa da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa. Daga nan 'ya'yan tsutsar suke fitowa, sun fi yawa daga hantsi zuwa azahar, daidai lokacin da yara ke kurme. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke shiga cikin 'yan mintoci, ko wanki kike yi ko ƙafa kawai kika tsoma. Jinin kuwa ba ya bayyana a fitsari sai bayan wata biyu zuwa uku, an riga an manta da zuwa gulbi.

A jikin mace, ƙwan tsutsar yana iya zama a mafitsara da bakin mahaifa, ya kawo ciwon mara, ƙaiƙayi, fitar ruwa ko ɗigon jini, har a ɗauka ciwon sanyi ne. Ga mai ciki yana ƙara ƙarancin jini, ana kuma alaƙanta shi da haihuwar jariri marar nauyi da samun ciki a wajen mahaifa. Haka kuma iyaye a sani, jini a fitsarin yaro ba alamar balaga ba ce, ciwo ne, kuma yana da magani.

Ruwan da bahaya ya gurɓata

Inda ake bahaya a fili, ruwan sama yakan wanko ƙazantar zuwa gulbi. Ta haka ake samun kwalara, wadda ta yi ɓarna a jihohin Arewa, har da Sakkwato, a 2021. Ta haka ne kuma ake ɗaukar ciwon hanta nau'in E, mai sa ido ya yi ɗorawa. Wannan ciwo ya fi tsanani ga masu ciki, musamman a watanni uku na ƙarshe. A ɓarkewar da ya yi a Diffa ta Jamhuriyar Nijar a 2017, mata masu ciki ne suka fi rasa rayukansu.

Abin da za a duba kafin a shimfiɗa tabarma

1. Maigida ya fara zuwa shi kaɗai ya ga wurin, ya kuma tambayi mutanen gari halin tsaron hanya. A fita da wuri, a dawo kafin la'asar ta yi sanyi.
2. A zaɓi fili mai busasshen rairayi da inuwa, nesa da mashayar dabbobi, kwata, juji da bakin magudanar gari.
3. A guji gefen da ruwa ya kwanta, mai gansakuka, bado da ciyawa. Nan ne gidan katantanwa, nan ne sauro ke yawa da yamma.
4. A duba ƙasa. In akwai kashin mutum, fasassun kwalabe, matattun kifi ko wari, a canza wuri.
5. Kada a je bayan an tafka ruwan sama, ko lokacin da aka buɗe ƙofofin madatsa. Ambaliyar 2010 ta nuna wa mutanen da ke ƙasan Goronyo yadda gulbi ke cika ba sallama.
6. A tafi da tafasasshen ruwan sha, sabulu, da abinci a rufe daga gida.

Ke mai ciki, zauna a inuwa ki sha iska, ki sha ruwa akai-akai, ki bar takalminki a ƙafa, amma kada ki shiga ruwan. Ki guji kwalekwalen da aka cika maƙil ko wanda babu rigar ruwa a ciki. Idan cikin ya shiga wata tara, ko kina ganin jini, kumburin fuska ko ciwon kai mai tsanani, kada ki yi nisa da asibiti.

In dole da ruwan gulbi ake wanka da wanki a gidanku, a ɗebo a zuba a randa ko duro, a rufe, ya kwana biyu kafin a taɓa, domin 'ya'yan tsutsar ba sa rayuwa fiye da haka. Na sha kuwa sai an tafasa.

Masu tafiya Legas

Da yawa daga mazajenmu suna nema a Legas, wani lokaci a ɗauki iyali a kai su ganin teku a Lekki ko Badagiri. Tsargiya ba ta rayuwa a ruwan gishiri, amma igiyar ruwan tekun tana da ƙarfin da za ta kayar da babba ta ja shi ciki. A zaɓi wurin da ake share bola, mai ban-ɗaki da masu ceto, wanda babu magudanar ƙazanta kusa da shi. A riƙe hannun yara, mai ciki kuma ta tsaya inda ruwa ba ya kaiwa.

Idan an riga an shiga

Ki faɗa wa ungozoma ranar awo, ba abin kunya ba ne. Za a gwada fitsari, in an samu cutar a ba da ƙwayar firazikwantel. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2022, ta amince a ba mai ciki wannan magani bayan watanni uku na farko, haka ma mai shayarwa. Kada ki saya da kanki a kemis, domin da nauyin jiki ake auna shi. Zawo mai kamar ruwan shinkafa, zazzaɓi ko ɗorawar ido kuwa ba a kwana da su. A fara ba da ruwan gishiri da sukari in zawo ne, a garzaya asibiti.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya raba ku lafiya, ya raya mana abin da za a haifa, amin.