Adana ƙashin muƙamuƙi bayan cire haƙori

Adana ƙashin muƙamuƙi wani aiki ne da likitan haƙori ke yi nan take bayan ya cire haƙori, inda yake cike gurbin da garin ƙashi don kada wurin ya lotsa. Ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori yana zaizayewa idan babu haƙorin. Faɗinsa kan ragu da kusan rabi cikin wata 12, kuma mafi yawan raguwar a wata 3 na farko take faruwa.

Ana samun garin daga jikin majiyyacin kansa, ko ƙashin ɗan Adam da aka bayar aka tsarkake, ko sinadarin da aka haɗa a masana'anta, ko ƙashin dabba. Na dabba galibi na saniya ne, amma akwai na alade, don haka ya kamata majiyyaci ya tambaya tun kafin a fara. Likita kan rufe gurbin da siririyar fata, ya ɗinke dasashi. Aikin yana rage zaizayar ne, ba ya tsayar da ita gaba ɗaya. Akan jira wata 3 zuwa 6 kafin a dasa haƙorin roba.

Aiki ne na ƙwararru. A jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, babban sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi yana Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.