Maganin Ƙuna da Tabonta: Tsakanin Maƙera da Asibiti a Kaduna

A al'adar Bahaushe, maƙeri ne mai maganin wuta. Idan yaro ya faɗa murhu ko tafasasshen ruwa ya zubo masa, gidan Sarkin Maƙera ake nufa, a yi tofi, a shafa magani. A gida kuwa akan sa zuma, ko ɗanyen ƙwai, ko gashin zomo, wasu har kashin shanu. Jama'ar da suka kafa unguwanni irin su Kawo da Unguwar Shanu da Tudun Wada sun zo Kaduna da wannan gado. Ƙuna ta fi yawaita da hunturu, lokacin jin ɗumin gaushi da dafa ruwan wanka.

Abin lura shi ne, kyau ko munin tabo ya danganta da saurin rufewar ciwon. Ƙunar da ta warke cikin mako 2 ba ta cika barin tabo mai muni ba. Wadda ta haura mako 3 kuwa takan bar tabo mai tudu da ƙaiƙayi, musamman ga baƙar fata. Idan a gaɓa take, fatar kan tsuke har yatsu ko gwiwar hannu su kasa miƙewa.

Saboda haka, matakin farko shi ne a kwarara ruwa mai sanyi, ban da ƙanƙara, na minti 20, sannan a rufe da tsumma mai tsabta. Ƙwai da gashin zomo da kashin shanu suna shigar da ƙwayoyin cuta, har da cutar sarƙewar haƙora, ciwon ya ƙara zurfi. Zuma kuwa binciken zamani ya gaskata magabata a kanta: wani nazari na 2015 ya nuna tana rage kwana 4 zuwa 5 wajen warkewar ƙunar da ba ta cinye fata duka ba. Man kaɗanya amfaninsa sai bayan ciwo ya rufe, domin tausasa tabo.

Ƙuna mai zurfi, ko wadda ta taɓa fuska, hannu ko al'aura, ta asibiti ce, kamar Barau Dikko ko Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya. A can likitoci kan ɗebo fata daga cinya su dasa, su ɗaure gaɓar a miƙe, su sa a riƙa motsa ta kullum.

Ya kamata malaman makaranta da dattawa su isar da wannan ga iyaye mata, domin yawancin ƙunar yara a madafa take faruwa.