Furen Lili Mai Ƙamshi: Sai Ya Sha Sanyi Yake Buɗewa

Uwargida, idan kin taɓa jin wani ƙamshi mai nauyi daga manyan furanni ruwan hoda masu ɗigo-ɗigo, wataƙila Stargazer ne, irin lilin da Leslie Woodriff ya samar a Amurka a shekarar 1974 ta hanyar aura iri da iri.

Matsalarsa a wajenmu ita ce ɗan ƙasar sanyi ne. Ƙwansa, mai kama da kan tafarnuwa, ba ya fure sai ya yi kamar mako takwas cikin sanyi. Don haka sai firji, idan wuta ta bari. A nesanta shi da ayaba da tuffa, domin iskar da suke fitarwa tana lalata furen tun yana ciki. Daga nan a binne shi zurfin santimita 15 a tukunyar da ruwa ba ya kwanciya, inda ranar safe kaɗai ke samu. Ni dai da farkon hunturu nake shukawa.

Amma idan akwai kyanwa a gidan, gara ki haƙura. Ganyensa, ƙurar furen, har ruwan kwalbarsa suna kashe mata ƙoda cikin 'yan kwanaki. In ta lasa, a garzaya wajen likitan dabbobi a ranar.