YADDA ZA KA KAFA INJIN ZUƘAR ƘURAR KATAKO A RUMFAR AIKINKA

Ɗan'uwa manomi, da zarar an kawar da amfanin gona, mutane da yawa sukan koma aikin katako kafin damina ta zagayo. Wani yana gyaran amalanke da karkiyar shanu, wani yana haɗa akwatunan kiwon zuma, wani kuwa kejin kaji da komin dabbobi da ƙyauren sito. A da, gizago da zarton hannu suke yin aikin, abin da yake zuba ƙasa sassaƙe ne da 'yar dusa. Yanzu kuwa zarton inji da injin goge katako sun shigo ƙauyuka. Aiki ya yi sauri, amma ƙura ta yi yawa. Wannan takarda za ta nuna maka yadda za ka kama ƙurar nan tun daga bakin inji, kafin ta shiga ƙirjinka ko ta jawo maka gobara.

ƘURAR DA BA KA GANI ITA CE MUGUWAR

Abin da inji yake fitarwa iri biyu ne. Akwai dusa mai nauyi, wadda take faɗuwa ƙasa nan take. Akwai kuma ƙura mai laushi kamar garin kwalli, wadda take daɗewa tana yawo a cikin iska bayan an kashe inji. Ka tsaya a inda hasken rana ya ratso ta hudar kwano, za ka gan ta tana tashi. To, ita ce take wucewa hanci ta sauka cikin huhu.

Da farko atishawa ce da mura da jan ido da ƙaiƙayin fata. In aka daɗe, sai tari da ciwon fuka, watau asma. An san ƙurar katakon loko da na obece, waɗanda ake kawowa daga kudu, da jawo wannan ciwo. Amma kada ka ɗauka ƙurar maɗaci ko ta kirya ko ta marke ba ta yin kome. Kowane itace ƙurarsa tana cutarwa in ta yi yawa.

Akwai abin da ya fi wannan. Tun a shekarun 1960 likitoci a Ingila suka lura cewa ciwon daji na cikin hanci ya yi yawa a tsakanin masu yin kujeru na garin High Wycombe. A 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo wa ɗan Adam ciwon daji. Tun 2020 dokar Ingila ba ta yarda ƙurar itace mai tauri ta wuce miligiram 3 a cikin iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ba. Ƙwayar shinkafa guda ta fi wannan nauyi nesa ba kusa ba. Ka ga ke nan ba sai ƙura ta turnuƙe take yin ɓarna ba.

Sa'an nan ga wuta. Ƙura mai laushi in ta tashi ta cika wuri, ta gamu da tartsatsi, ba ci take yi a hankali ba, fashewa take yi. A 2012 masana'antun katako biyu suka fashe a yankin British Columbia na ƙasar Kanada, mutum huɗu suka mutu. Busasshiyar ƙurar da ta taru ce sanadi. Mu kuwa lokacin aikinmu shi ne hunturu da bazara, sa'ad da kome ya bushe ƙayau.

KAYAN DA ZA KA TANADA

1. Fankar zuƙa, irin mai zagayayyen gida kamar katantanwa, tare da injin lantarki mai ƙarfin doki 1 zuwa 2. Wannan ya isa ya yi wa inji ɗaya aiki a lokaci guda. Fankar ɗaki ba ta yin wannan aiki, watsa ƙurar kawai take yi.
2. Bututu mai faɗin inci 4, watau santimita 10. Na ƙarfe ya fi. Masu aikin kwano a kasuwa suna iya naɗa maka.
3. Durom mai galan 44, watau lita 200, mai murfin da yake rufewa ruf. Kada ka yi amfani da wanda aka zuba fetur ko maganin ƙwari a ciki.
4. Jakar tacewa ta yadi mai kauri, wadda aka yi musamman don wannan aiki. Buhun hatsi ba zai yi ba, ƙurar mai laushi ta cikin saƙarsa take ficewa.
5. Mazurari na kwano ko na katako don bakin kowane inji.
6. Robar cikin tayar mota, don ɗaure mahaɗai.

INDA ZA KA AJIYE SHI

Ka kafa fanka da jaka a waje, bayan rumfar, ka yi musu 'yar inuwa saboda rana da ruwan sama. Dalili kuwa, kome kyan jaka sai ta saki 'yar ƙura. In tana cikin rumfa, ka zuƙo ƙurar daga inji ka maido ta hancinka ke nan.

Ka lura da iska. Da rani daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka gefen kudu maso yamma ya fi dacewa da jakar. Amma ka duba abin da yake wannan gefen tukuna. Kada ƙura ta nufi ɗakin kwana, ko madafa, ko rijiya, ko turken dabbobi, ko gidan maƙwabci. Ka nisanta shi da rumbu da tarin kara da harawa.

YADDA ZA KA HAƊA

Tsarin shi ne: inji, bututu, durom, fanka, jaka.

Ka fara da mazurari. Ka kafa shi dab da wurin da ƙura take fita, ta wajen da haƙoran zarto suke jefa ta. Iskar zuƙa ba ta da dogon hannu. Ka gwada da tafinka: a bakin bututu za ka ji ja sosai, ka janye taƙi ɗaya, sai ka ji ya kusa ɓacewa. In zarton mai tebur ne, ka rufe ƙarƙashinsa da falanki, ka bar 'yar kafar shigar iska, ka sa bututun a ƙasa.

Sai bututu. Domin dusa ta yi tafiya ba ta kwanta a hanya ba, ana son iskar ta yi gudun kamar mita 20 a daƙiƙa guda. Abubuwa uku suke kashe wannan gudu: tsawo, da kwana, da tsukewa. Saboda haka ka matso da injin da ya fi ƙura kusa da durom. Inda za ka yi kwana, kada ka karya ta tsaye kamar kusurwar ɗaki, ka lanƙwasa a hankali, ko ka raba ta biyu. Kada kuma ka ce za ka yi tsimi ka sa bututun inci 2. Hanyar da take cikinsa kashi ɗaya ce cikin huɗu na mai inci 4, ba rabi ba. Bututun roba mai ƙunci-ƙunci yana cin iska ƙwarai, ka sa shi gajere a wurin da inji yake motsi kaɗai.

Sai durom. Ka huda murfinsa wuri biyu. Bututun da ya fito daga inji ya shiga ta gefen murfi, ka lanƙwasa bakinsa ya bi jikin durom. Wanda zai tafi fanka ya fita ta tsakiya. Iska za ta riƙa juyawa a ciki kamar guguwa, dusa mai nauyi da guntayen katako su faɗa ƙasa, mai laushi kaɗai ta wuce jaka. Amfaninsa biyu ne: jaka ba ta saurin toshewa, kuma ƙusa ba ta kai wa fanka balle ta ba da tartsatsi. Ka shimfiɗa roba a bakin murfin, domin in yana shan iska, aikin banza ne.

In injinanka sun kai biyu ko uku, ka yi wa reshen kowanne 'yar ƙofa ta kwano mai zugewa. Wanda kake aiki da shi kaɗai za ka buɗe.

MAGANAR LANTARKI

Ka kira mai aikin wuta wanda ya san aikinsa. Ya sa waya mai kauri, da makunni mai rufi a inda hannunka zai kai da sauri, ya kuma haɗa jikin fanka da bututu da wayar da aka binne a ƙasa. Kada a bar wayar da aka murɗe da hannu tana reto cikin ƙura. In bututun roba ka samu, da hunturu zai riƙa tara wuta yana jan ka, kamar yadda ƙofar mota take yi. Ɗan ja ne, amma in ka zabura hannunka yana kusa da zarto fa? In da janareta kake aiki, ka ajiye shi a fili nesa da jaka, ka tuna kuma fanka tana jan wuta wajen tashi fiye da sa'ad da take gudu.

YADDA ZA KA YI AIKI DA SHI

- Ka kunna fanka kafin inji. In ka gama, ka kashe inji, ka bar fanka ta ɗan ƙara gudu ta share bututu.
- Ka duba tsohon katako ka cire ƙusoshi kafin ka sa masa zarto.
- Kada ka wasa garma ko gatari ko lauje kusa da mazurari. Tartsatsi guda in ya shiga durom, yana iya kwana yana ci a ɓoye. Wurin wasa ƙarfe da walda daban, wurin katako daban.
- Ba shan taba, ba fitilar kananzir, ba kaskon jin ɗumi a rumfar.
- Ka juye durom kafin ya wuce kashi biyu cikin uku. Kada ka bar dusa ta kwana a ciki.
- In bututu ya toshe, ka kashe, ka zare waya daga wuta, ka jira fanka ta tsaya cik kafin ka sa hannu.
- In ka ji ƙauri, ka kashe fanka nan da nan. Kada ka buɗe jaka da gaggawa, kada ka sheƙa ruwa da ƙarfi, domin zai ta da ƙurar ta kama gaba ɗaya. Ka fitar da mutane, ka yayyafa ruwa a hankali. Bokitin ruwa da na yashi su kasance a bakin ƙofa kullum.

Injin zuƙa ba ya kama ƙura duka. Wajen goge katako da samfefa da wajen juye jaka, lalle ka sa takunkumi mai lamba N95 ko FFP2. Hankici ko bakin rawani ba ya tare ƙura mai laushi. Mai gemu ya sani takunkumi ba ya kama fuskarsa sosai, don haka shi ya fi kowa bukatar zuƙa mai kyau. Yaran da suke koyon aiki a wurinka amana ne, ka ba su nasu. Ƙananan yara kuwa a hana su wasa cikin dusa.

SHARA

In ka iya rubuta sunanka da yatsa a kan tebur ko a kan azara, ƙura ta yi yawa. Ka yayyafa ruwa kafin ka yi shara, ka goge saman kaya da jiƙaƙƙen tsumma. Kada ka hura ta da injin iska. Kowane mako ka kakkaɓe jaka a waje, iska tana bayanka, ka duba ko ta yage.

DUSAR BA ABIN ZUBARWA BA CE

Mai kauri, irin wadda injin goge katako yake fitarwa, tana da kyau wajen shimfiɗar kaji. Mai laushi kuwa kada ka shimfiɗa wa 'yan tsaki, sukan ci ta, ta kuma dami numfashinsu. Kada ka zuba ɗanyar dusa a gona ka yi huɗa a kanta. Wajen ruɓewa tana janye abincin da yake sa shuka kore, sai ka ga masara ta yi ɗorawa. Ka gauraya ta da kashin kaji ko na shanu, ka riƙa jiƙawa kana juyawa har ta yi baƙi ta ruɓe, sa'an nan ka kai gona.

Dusar katakon da aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai ko fenti, da ta falankin da aka manne da gam, ka ware ta daban. Ba ta shimfiɗar dabba, ba ta taki, ba ta girki ko bandar kifi.

KA TUNA

In ka ga tarinka yana sauƙi ran da ba ka shiga rumfa ba, ya dawo in ka koma, ko hanci ɗaya ya toshe ya ƙi buɗewa, ko yana yawan haɓo, ka je asibiti, ka gaya wa likita aikin da kake yi. Kuɗin fanka da durom bai kai kuɗin jinya ba, kuma mai fuka ba ya iya huɗa da damina. Rigakafi ya fi magani. Don ƙarin bayani, ka tuntuɓi malamin gona mafi kusa da kai.