Shiri Na Musamman: Albasar Aliero da Rancen da Babu Ruwa



Duk wanda ya bi hanyar Jega zuwa Aliero a watan Maris ko Afrilu, zai tarar da buhunan albasa jibge a bakin titi, manyan motoci na lodi zuwa Kudu. A daidai lokacin ne kuma albasa ta fi faɗuwa warwas. Manomin da ya ci bashin taki da man injin ban ruwa ba shi da halin zuba ta a rumbu har ƙarshen shekara, lokacin da take tsada, domin mai bin sa bashi na tsaye a ƙofar gida. Sai ya karyar da ita, ribar ta faɗa aljihun wanda ya iya jira.

To, me ya hana shi zuwa banki? Kuɗin ruwa. A ƙasar Gwandu, inda ake karanta fiƙihu a zaure, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ko shirin rancen manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, da ruwan kashi 9 cikin 100 ya zo. Sai a 2020 Babban Bankin Najeriya ya fitar da tsarinsa marar ruwa.

Alhali shari'a ta daɗe da buɗe ƙofa. A murabaha, banki ne zai sayi injin, ya sayar wa manomi da ribar da aka sani tun farko, ya biya kaɗan-kaɗan. A cinikin salam kuwa, manomin shinkafa na Maiyama zai karɓi kuɗinsa cif tun kafin shuka, ya kawo buhunan da aka ƙayyade ranar da aka yanka. Amma fa a nan sai an yi hattara: in aka danne masa farashi, an koma gidan jiya, zalunci ne ya sake riga.

Tuni akwai masu bin irin wannan hanya marar ruwa: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, ƙaramin bankin Tijarah ya buɗe a Bauchi a 2014. A Pakistan, ƙungiyar Akhuwat tun 2001 take raba rance marar ruwa a masallatai, talakawa kuma suna biya.

Saura a kawo abin kusa. Attajiran Jega, malaman jami'ar Aliero da ƙungiyoyin manoman albasa, ku haɗa jari ku nemi lasisin ƙaramin banki marar ruwa kafin noman rani mai zuwa.