Hukuncin sa sifirit da aidin a ciwo, da alwala a kan bandeji

Tambaya: Malam, ni manomi ne a ƙasar Sabon Birni. Fartanya ta sare ni a ƙafa, kuma saboda halin da hanya take ciki ba kullum ake isa asibitin Sabon Birni ko na Isa ba. Mai kemis ya ba ni sifirit da aidin da bandeji, sai wani ya ce sifirit giya ce, salla ba ta yiwuwa da ita, gara in sa toka tunda ta zo a hadisi. Mene ne gaskiya, kuma yaya zan yi alwala?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Allah Ya ba ka lafiya, Ya kawo muku zaman lafiya.

Malamai sun yi saɓani a kan najasar sinadarin da ke cikin sifirit, amma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na shekarar 2002, ta halatta amfani da shi wajen tsabtace rauni da kashe ƙwayoyin cuta. Sallarka ta inganta. Sai dai halaccin abu daban, dacewarsa daban. Sifirit na goge fatar da ke kewaye da ciwo ne. Idan aka zuba shi a kan buɗaɗɗen nama yana ƙona shi, ya jinkirta warkewa. Abin da ya fi shi ne ka wanke hannu da sabulu, ka wanke ciwon da ruwan da aka tafasa ya huce har ƙasar ta fita duka, ka shafa aidin, ka rufe da bandeji mai tsabta. Kada ka ɗora auduga kai tsaye, domin zarenta yana maƙalewa a ciwo. A canza ɗaurin kullum, ko da zarar ya jiƙe.

Hadisin toka kuwa ingantacce ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa a ranar Uhudu Nana Faɗima, Allah Ya yarda da ita, ta wanke raunin Annabi (SAW), da jinin ya ƙi tsayawa sai ta ƙona tabarma ta sa tokar. Lura, wanki aka fara yi, kuma tokar sabuwa ce daga wuta. Wannan dalili ne na neman magani da mafi kyawun abin da ke hannu, ba hujja ba ce ta ɗebo tokar murhu, balle ƙasa ko baƙin mai ko kashin shanu. Ta irin wannan hanya cutar tetanus, mai sandarar da jiki ta ɗaure muƙamuƙi, take shiga. Saran fartanya kansa yana buƙatar allurarta, don haka ka neme ta da wuri.

Game da alwala, abin da ke cikin Mukhtasar na Shehu Khalil da sauran littattafan Malikiyya shi ne: idan wanki zai cutar, a shafi ciwon, idan shafar ma za ta cutar, a shafa a kan ɗaurin. Ka wanke inda yake lafiyayye, ka bi bandejin duka da jiƙaƙƙen hannu sau ɗaya. Kada ka kwance shi don alwala. Ba sharaɗi ba ne a ɗaura shi da tsarki, ba shi da ƙayyadaddun kwanaki, kuma haka za ka yi a wankan janaba. Idan ya faɗi kana cikin salla, ka yanke, ka mayar da shi, ka shafa nan take, ka sake sallar. Jinin ciwo ba ya warware alwala a mazhabar Imam Malik, kuma abin da ke tsatsowa da kansa an yi rangwame a kansa.

Idan ka ga kumburi yana yaɗuwa, ko mugunya mai wari, ko zazzaɓi, to ya wuce kemis, a nemi hanyar asibiti. Haka raunin harsashi da ciwon ƙafar mai ciwon suga: waɗannan tun farko na likita ne.

Allah ne Mafi sani.